Gasar Olamfik ta Landan a 1948: Yadda Yaƙi Ya Tsara Wasan da Aka Yi Bayansa

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan tarihin gasar Olamfik, sai na ga an yi ta a Landan a 1948, shekara uku kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yaya aka yi garin da ya sha ruwan bama-bamai ya iya karɓar baƙin duniya da wuri haka? Kuma in da gaske ne wasa ba ruwansa da siyasa, me ya sa aka bar Jamus da Japan a waje? A ƙarshe, ko akwai namu a cikin waɗanda suka je?"

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Tambayarka rassa uku gare ta, wato yadda aka iya shirya gasar, da dalilin ware wasu ƙasashe, da kuma batun namu, amma duka ukun saiwarsu ɗaya ce. A ganina, wanda ya kalli gasar 1948 a matsayin shaidar cewa duniya ta manta da yaƙi bai kalle ta da kyau ba, domin yaƙin ne ya yanke inda 'yan wasa suka kwana, da abin da suka ci, da wanda aka aika wa takardar gayyata, har ma da wanda ya hau dandamalin karɓar lamba.

Sai mu fara da giɓin da aka samu. Gasar ƙarshe kafin yaƙi ita ce ta Balin a 1936, wadda Hitila ya mayar da ita dandalin nuna isa. Ta 1940 an fara ba Tokiyo, daga baya aka mayar da ita Helsinki, ita ma ba ta yiwu ba. Ta 1944 kuwa Landan aka ba, alhali a wannan shekarar rokokin Jamus ne ke sauka a kan garin. Saboda haka shekara goma sha biyu cur aka yi babu Olamfik, kuma kai da kake horar da yara ka san abin da shekara goma sha biyu take nufi a rayuwar mai gudu: wanda yake da shekara ashirin a 1936 ya kai talatin da biyu a 1948, ƙarfinsa ya tafi a ramin yaƙi ko a layin karɓar abinci. Wasu ma ba su kai ba. Janusz Kusociński na Polan, wanda ya ci zinaren mita 10,000 a 1932, Jamusawa ne suka harbe shi a 1940. Luz Long, Bajamushen da ya zo na biyu bayan Jesse Owens a dogon tsalle a Balin, ya mutu a yaƙin Sisili a 1943. Gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ma haka ta tsaya tun 1938, ba ta dawo ba sai 1950 a Barazil.

Garin da ya karɓi baƙi da katin abinci

A 1946 aka tabbatar wa Landan gasar, bayan ta yi takara da Lozan ta Suwizalan da wasu birane huɗu na Amurka. Kenan shekara biyu kawai masu shiri suka samu, a ƙasar da ta ci yaƙi amma ta fito da bashi har wuya. A 1948 nama da sukari da man shanu da ganyen shayi da fetur da tufafi duk da kati ake samun su, burodi ma sai a cikin watan Yulin shekarar aka daina raba shi da kati, 'yan kwanaki kafin buɗe gasar. Ba ƙaramin surutu aka yi a jaridun ƙasar ba, masu cewa a haƙura da wannan hidima tunda mutane na kwana a gidajen wucin gadi.

Amsar reshe na farko a taƙaice ita ce, sun iya ne saboda ba su gina kusan komai ba. Kwamitin shiri, ƙarƙashin Lord Burghley wanda shi kansa ya ci zinaren tseren tsallake shinge na mita 400 a 1928, ya duba abin da ke ƙasa ya yi amfani da shi. Filin Wembley tun 1923 yake tsaye, kuma a lokacin har tseren karnuka ake yi a cikinsa, sai aka shimfiɗa masa hanyar gudu ta tokar kwal. Ninƙaya aka kai wurin wanka na Empire Pool da ke maƙwabtaka da shi, da aka gama kuma aka ɗora dandamali a kan ruwan aka yi dambe. Tseren kwale-kwale aka yi a Henley, harbi a Bisley, ƙwallon ƙafa kuma aka rarraba ta a filayen kulob-kulob irin su Highbury na Arsenal da White Hart Lane na Tottenham. Babban aikin da za a iya nunawa shi ne hanyar da ta taso daga tashar jirgin ƙasa zuwa bakin filin, kuma a cikin leburorin da suka yi ta akwai fursunonin yaƙi Jamusawa waɗanda ba a riga an mayar da su gida ba. Wato Bajamushe bai samu shiga fili ba, amma guminsa na kan hanyar da 'yan kallo suka taka.

Ba a gina unguwar 'yan wasa ba. Maza aka sauke su a barikokin sojan sama na Uxbridge da West Drayton da wani sansanin soja a Richmond Park da kuma makarantu, mata kuma a kwalejoji. An ba da shimfiɗa, amma an ce kowa ya zo da tawul ɗinsa. Game da abinci, talakan Birtaniya kalori 2,600 ne rabonsa a rana, sai aka ɗaga 'yan wasa zuwa 5,467, daidai da na masu haƙar kwal da 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Ƙasashe da yawa da guzurinsu suka zo, wasu kuma suka taimaka wa mai masaukin: Denmak ta aiko da ƙwai dubu ɗari da sittin, Holan ta aiko da kayan lambu. Amurkawa su ne suka zo da abinci har ya yi saura, abin da ya sa sauran baƙi suka riƙa kallonsu ta wutsiyar ido.

A nan zan ɗan sako abin da na gani da idona, domin na yi shekaru ina cikin masu shirya wasannin makarantu na shiyya. Duk lokacin da gasa ta tafi daidai a hannunmu, za ka tarar yara sun kwana a aji a kan tabarma, kowa da bokitinsa da kwanonsa, mun ja layukan gudu da toka ko farar ƙasa tun da asuba, kuɗin kuma ya tafi ga tukunyar shinkafa da motar da za ta kwaso su ta mayar. Shekarar da muka ji kunya kuwa ita ce wadda aka zuba kuɗin a rumfa da kujerun manyan baƙi da mai kiɗa, har yaran da za su yi gudun mita 1,500 suka shiga fili da hantsi ba su karya ba, ɗaya daga cikinsu ya zube a zagaye na uku muka kwashe shi zuwa inuwa muna yi masa fifita da kwali. Na san akwai nisa tsakanin gasar makarantu goma da gasar ƙasashe 59, kuma ba na cewa gwajina ya isa ya auna tasu, sai dai lissafin iri ɗaya ne: makwanci da ciki da sufuri su ne gasa, sauran ado ne. Mutanen Landan sun gane haka. Sun kashe kimanin fam 732,000, suka samu kimanin fam 761,000, aka tashi da ribar da ta kusa fam 30,000. Tashar BBC ta biya wajen fam dubu ɗaya don nuna wasannin a talabijin, kuɗin da a yau ko kujera mai kyau a bikin buɗewa da ƙyar zai saya.

Sarki George na Shida ne ya buɗe gasar ranar 29 ga Yuli, a gaban mutum sama da 80,000, cikin zafin rana irin wanda Ingila ba ta saba gani ba, aka rufe ranar 14 ga Agusta. 'Yan wasa 4,104 ne suka shiga, mata 390 kawai a cikinsu.

Waɗanda ba a aika wa takarda ba

Maganar cewa wasa ba ruwansa da siyasa buri ne da ake faɗa a bakin taro, tarihi bai taɓa gaskata shi ba. Abin da ya faru a 1948 ma maimaici ne. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, a gasar Antwerp ta 1920, ba a gayyaci Jamus da Ostiriya da Hungari da Bulgeriya da Turkiyya ba, kuma Jamus ba ta dawo ba sai 1928.

Amma akwai abin lura da yawancin masu ba da labarin suke tsallakewa. Ba duk wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Hitila aka ware a 1948 ba. Italiya ta zo, Hungari ta zo, Finlan ta zo, kuma dukansu sun kwashi zinare, Hungari goma, sauran biyun takwas-takwas. Bambancin shi ne waɗannan ƙasashe sun riga sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Faris a watan Fabrairun 1947, suna da gwamnatocinsu da kwamitocin wasanninsu. Jamus kuwa a yanke take kashi huɗu a hannun Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, babu wata gwamnatin Jamusawa sai a 1949, Japan kuma tana ƙarƙashin mulkin sojan Amurka har bayan yarjejeniyar San Faransisko ta 1951. Hujjar da ke kan takarda kenan, cewa babu hukumar da za a aika wa gayyata. Hujjar da ke cikin zuciya kuwa kowa ya san ta: ba za a iya kaɗa taken Jamus a Wembley ba a gaban mutanen da suka binne 'ya'yansu shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ga kuma tsofaffin fursunonin da suka dawo daga sansanonin Japan kamar ƙwarangwal. Ni ina ganin hujja ta biyun ita ce ta gaske, ta farkon riga ce aka sa mata, kuma ban ga laifin masu shirin ba a kan haka, ko da yake wanda ya biya kuɗin hukuncin sau da yawa yaro ne da bai taɓa riƙe bindiga da son ransa ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Hironoshin Furuhashi. Japanawa su ne sarakunan ninƙaya kafin yaƙi, domin a 1932 sun ci biyar daga cikin tsere shida na maza. Da aka hana su zuwa Landan, sai suka shirya gasarsu ta ƙasa a Tokiyo a daidai kwanakin da ake ninƙaya a Wembley. Furuhashi ya gama mita 1,500 cikin minti 18 da daƙiƙa 37, alhali Jimmy McLane na Amurka da ya ci zinare a Landan ya yi minti 19 da daƙiƙa 18 da rabi. Ratar ta wuce daƙiƙa arba'in, wato fiye da tsawon kwamin ninƙaya guda. Ba a amince da lokacinsa a matsayin bajintar duniya ba, saboda Japan ba ta cikin hukumar ninƙaya ta duniya a lokacin. Da ƙasarsa ta dawo a Helsinki a 1952, ciwo ya riga ya cinye shi, ya zo na takwas a mita 400. A Landan kuwa Amurkawa suka share duka tseren ninƙaya na maza.

Tarayyar Sobiyet labarinta daban ne, domin ita ba hana ta aka yi ba. Ba ta da kwamitin Olamfik sai a 1951, kuma mahukuntanta ba su son shiga gasar da ba su tabbatar za su yi fice a cikinta ba, sai suka tura 'yan kallo su nazarci yadda ake yi. Da suka shigo a 1952, na biyu suka zo da zinare 22. Kada kuma a manta cewa ana wannan biki ne a Landan alhali tun watan Yuni Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga yammacin Balin, jiragen Amurka da na Birtaniya suna jigilar gari da kwal ta sama. Wani yaƙin, wanda ake kira na cacar baka, ya riga ya soma.

Yadda za ka karanta wa ɗalibai teburin lambobi

Amurka ce ta zo ta ɗaya da zinare 38, Siwidin ta biyu da 16, mai masauki Birtaniya kuma zinare uku kacal ta samu. Ka sa ɗalibanka su tambayi kansu abin da ya haɗa ƙasashe biyun farko. Amurka ta yi yaƙi, amma ba a rusa biranenta ba kuma jami'o'inta ba su daina wasa ba. Siwidin ba ta shiga yaƙin ba sam, samarinta suna cin abinci suna atisaye lokacin da na maƙwabta suke ɓuya, kuma ita ce ta ci ƙwallon ƙafa bayan ta doke Yugoslabiya da ci 3 da 1, da 'yan gabanta uku, Gren da Nordahl da Liedholm, waɗanda daga baya AC Milan ta kwashe. Gasar Olamfik ta hunturu ta wannan shekarar ma St. Moritz ta Suwizalan aka kai, don ita ma yaƙi bai taɓa ta ba, kuma kayan da ta yi amfani da su lokacin da ta karɓi gasar a 1928 suna nan. Sai dai kada ka ja wannan hujja har ta tsinke, tunda Finlan da Hungari sun sha wuya a yaƙin kuma duk da haka sun yi rawar gani. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan yadda teburin zai kasance da Jamus, wadda ta zo ta ɗaya a 1936, ta halarta. Abin da za a iya cewa kawai shi ne kujerunta a buɗe suke, wasu suka zauna.

Tauraruwar gasar ita ce Fanny Blankers-Koen ta Holan. Ta je Balin tana da shekara 18 ba ta samu komai ba, shekarun ƙarfinta suka faɗa cikin mamayar Jamus, har da hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945 da ya kashe dubban mutanen ƙasarta. Ta iso Landan tana da shekara 30 da 'ya'ya biyu, ana ta cewa ta tsufa, ta koma gida ta yi reno. Ta ci mita 100, ta ci mita 80 na tsallake shinge, ta ci mita 200 a kan hanyar da ruwan sama ya mayar taɓo, sannan ta karɓi sanda a zangon ƙarshe na tseren miƙa sanda tana baya ta wuce kowa. Zinare huɗu kenan, alhali ita ce mai riƙe da bajintar duniya a dogon tsalle da tsallen sama, waɗanda ba ta ma shiga ba. Wadda ta ci dogon tsallen ta yi ƙasa da mita 5.70, ita kuwa ta taɓa yin 6.25.

Idan ka bi tarihin sauran gwanayen, kusan kowa da ƙurar yaƙi a jikinsa. Harrison Dillard, baƙar fatan Amurka da ya ci mita 100, ya yi yaƙi a Italiya cikin rundunar da aka ware wa baƙaƙe. Arthur Wint, wanda ya ba Jamaika zinarenta na farko a mita 400, matuƙin jirgin sojan saman Birtaniya ne. Emil Zátopek da ya ci mita 10,000 hafsa ne a sojan Cekoslobakiya. Károly Takács na Hungari gurneti ya lalata masa hannun dama a atisayen soja a 1938, ya koyi harbi da hagu, ya jira shekara goma, ya zo ya ci zinaren harbin ƙaramar bindiga. Wanda ya fi ba 'yan kallo tausayi shi ne Étienne Gailly na Beljiyam, sojan lema, a gudun yada-ƙanin-wani. Shi ya fara shigowa filin, saura zagaye ɗaya, amma ƙafafunsa sun riga sun mutu, yana tangaɗi kamar wanda aka kaɗa wa iska, idonsa bai ganin layi sosai. Delfo Cabrera na Ajantina ya wuce shi, Tom Richards na Birtaniya ya wuce shi, ya lallaɓa ya kai layin na uku, aka ɗauke shi a kan makara ta asibiti, bai ma iya tsayawa karɓar tagullarsa ba.

Yaƙin ya kuma sassauta igiyar mulkin mallaka, kuma an ga alamar haka a fareti. Indiya da Pakistan da Bama da Silon (Siri Lanka ta yau) duk sun shigo da tutocinsu, Indiya kuma ta lallasa Birtaniya da ci 4 da nema a wasan ƙarshe na ƙwallon gora, shekara ɗaya bayan samun 'yanci. Sohn Kee-chung, ɗan Koriyar da ya ci gudun yada-ƙanin-wani na 1936 amma aka tilasta masa yin gudun da sunan Japan, shi ya riƙe tutar Koriya. Daga Afirka, Masar ta ɗauki zinare biyu a ɗaga nauyi.

Akwai wani ƙaramin taro da zan so ka saka a darasin. A ranar da aka buɗe gasar, a asibitin Stoke Mandeville, wani likita Bayahuden Jamus da ya tsere wa Hitila, Ludwig Guttmann, ya tara mutum 16 da suka samu raunin laka a aikin soja suka yi gasar harbin kibiya a kan kekunansu. Daga nan gasar nakasassu ta duniya ta samo tushe, wadda aka fara a Rum a 1960, kuma wadda 'yan Najeriya suka daɗe suna kwaso zinare a cikinta a fannin ɗaga nauyi.

Batun namu

Najeriya ba ta je da tawaga ba a 1948, haka ma Gana wadda ake kira Gold Coast a lokacin. Dukansu sai a Helsinki a 1952 suka fara. Nijar kuwa sai bayan 'yancin kai, a 1964. A shekarun da muke magana, abin da ya fitar da samarinmu ƙetare shi ne kakin soja, musamman dubban 'yan Arewa da aka kai dajin Bama a runduna ta 81 da ta 82. Duk da haka akwai ɗan Najeriya a Wembley. Adegboyega Adedoyin, ɗan sarauta daga ƙasar Remo da ke karatun likita a Belfast, ya yi wa Birtaniya tsallen sama da dogon tsalle, kuma a dogon tsallen ya zo na biyar a duniya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1949, tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta fara zuwa Ingila ƙarƙashin kyaftin Etim Henshaw, yawancin 'yan wasan suna buga ƙwallo ba takalmi. Lambar Olamfik ta farko da aka rubuta da sunan Najeriya kuwa sai a 1964 ta zo, lokacin da Nojim Maiyegun ya ci tagulla a dambe a Tokiyo, birnin da aka hana mutanensa zuwa Landan shekara goma sha shida kafin nan.